Barcin Ayi a Kan Kwalayena

Kyankyason Guangzhou ba irin namu ba ne. Tashi yake yi, kuma ba ya kunyar idon mutum. A zuwana na uku na buɗe kwalin kayan yara da na saro a kasuwar Shisanhang, na tarar kyankyasai sun yi gida a ciki, sun ɓata fararen riguna da kashinsu. Raina ya ɓaci ƙwarai. Shi ya sa da zan koma can daga gida na cusa gwangwanin ƙwayar maganin wake a tsakanin kuka da daddawa. Mu haka muka taso muka gani: a ƙulle ƙwaya a tsumma, a tura cikin buhu, ƙwaro ko ɗaya ba zai sha ba. Ban taɓa tambayar abin da ke cikinta ba.

Sitona wani ɗan ɗaki ne marar taga a bayan kasuwar Canaan. Mu biyu muke hayarsa, ni da wani dattijo ɗan zangon Kumasi da ke yi mana lodin kwantena. Mai ɗaure mana kwalaye wata 'yar China ce da ta haura sittin. Ayi muke ce mata, wato inna. Ni kuma lauban take ce mini, maigida ke nan, ko da na shigo da tsinkakken silifa.

Na sa ƙwayoyin ne a cikin kwalayen da sassafe, ana tsakar daminar nan mai sa bango gumi. Na ja ƙofa na tafi unguwar Guangyuan neman wanduna. Abin da ban taɓa ɗauka a bakin komai ba shi ne, mutanen nan ba sa wasa da barcin rana. Da sun ci abinci, kowa zai nemi inda zai miƙe. Ita Ayi a kan kwalayena take kwanciya, ta rufe ƙofa saboda hayaniya. A garinmu wa zai kwanta a ɗakin ajiyar wake?

Bayan la'asar dattijon ya kira ni. Ya ce ya sami Ayi tana amai, numfashi da ƙyar, an kai ta asibiti. Likitoci na ta tambayar abin da ta ci ko ta shaƙa, ba wanda ya sani. Ya ce ɗakin na wani irin wari.

"Ɗana, me ka sa a ɗakin nan?"

Na ce ba komai. Ƙaryar ta fito tun kafin in yi shawara da zuciyata.

Na san dalilina. Akwai takardar da aka liƙa a ƙofar gininmu, dattijon da kansa ya fassara mana ita: an tsananta hukunci kan duk wanda ya yi amfani da maganin ƙwari ba bisa ƙa'ida ba. A ranar, dariya na yi, na ce ai wannan ta manoma ce. Yanzu ga ni, baƙo mai biza, da ragowar ƙwayoyi a jaka.

Na kasa zama. Na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa na sauka a tashar da ba tawa ba, na haye gada na dawo. Na tsaya gaban kwandon shara har sau uku, hannuna a cikin jaka. Tsoro nake ji, tsantsar tsoro, ina kuma jin haushin kowa: kyankyasai, garin, har da ita don me za ta rufe ƙofa. Da na ji kaina ina zarginta, sai kunya ta rufe ni.

Na sami dattijon a barandar asibiti. Bai amsa sallamata da kyau ba.

"Ni ba zan faɗa ba," in ji shi. "Amma in matar nan ta tafi, kar ka sake sa hannu a kwanona."

Na miƙa wa likita gwangwanin. Ya karanta rubutun jikinsa, ya dube ni sau ɗaya, ya juya da sauri yana kiran ma'aikatansa. Kafin magariba an rufe siton, masu takunkumi suka kwashe kayan, 'yan sanda suka karɓi fasfona. Hukuncin da takardar ta ambata kuwa bai tsallake ni ba.

A rana ta huɗu aka bar ni na shiga wurinta. Ta rame, roba a hancinta. 'Yarta na tsaye a gefe, ba ta ko kalle ni ba, kuma na gane ba a gaya wa tsohuwar komai ba. Na zo da lemo da maganar da na shirya tun daga hanya. Ban kai ga buɗe baki ba ta yi alama a ba ta wayata. Ta yi magana a hankali, wayar ta fassara mini.

Haƙuri take ba ni. Wai ta san bai kamata ta riƙa kwanciya a kan kayan lauban ba, ba za ta ƙara ba.