Amsoshin da Suka Tsaya a Takarda

Har in koma ga Mahaliccina ba na jin zan manta da ranar da na zauna jarrabawar shiga jami'a a Funtuwa.

A makarantarmu ta ƙauye, can bayan Danja, a jikin allo muka san kwamfuta. Malaminmu ya zana ta da alli ya ce, "Ga ta nan, ku more kallo. Duk wadda ta goge mini ita, ubanta zai sayo sabuwa." Muka yi ta dariya. Abin da ya horar da mu a kai kuwa shi ne a fara warware komai a takardar gwaji, sai a ƙarshe a kwafe a tsanake.

Baba ya yarda in gwada sau ɗaya tak, in ban ci ba shi ke nan.

Da na zauna gaban kwamfutar gaske, wani ma'aikaci ya buɗe mini tambayoyin, ya nuna mini maɓallin da zan danna su riƙa wucewa, ya tafi. Ban ji sauran bayaninsa ba, kuma kunya ta hana ni ɗaga hannu. Tambayoyin ba su ba ni wahala ba. Na duƙufa ina jera amsoshina a takarda, yadda aka koya mini.

Yarinyar da ke gefena, 'yar Ibo mai Hausa kamar 'yar Bakori, farcenta da ragowar lalle, ta leƙo ta yi raɗa: "Ke 'yar'uwa, danna mana! Takardar nan ba a duba ta."

Na yi mata murmushi kawai. A raina na ce ai in lokaci ya yi za a ce a fara kwafewa.

Ba wanda ya ce a fara, sai da na ga lokaci ya kusa ƙarewa na soma dannawa. Ina cikin shigar da amsoshin farko fuskar kwamfutar ta canza, ta rufe.

Na miƙa wa ma'aikacin takardata. "Malam, don Allah, na gama fa, ga su nan."

Ya daɗe yana duban takardar. "Yarinya, kwamfutar nan ba ta jin roƙo."

Ban sake zama jarrabawar ba. Yanzu ɗinki nake yi, kuma na riƙe darasina: sanin amsa bai isa ba in hannu bai saba da kayan aiki ba, kuma wanda bai iya ba, ya buɗe baki ya tambaya tun da sauran lokaci.