Injin da Na Kushe a Alƙahira

Haɗejiya zuwa Kano

A tasha na yi sallar asuba, jakata a tsakanin ƙafafuna. Ban gaya wa 'yan layinmu inda za ni ba, don na san halinsu: in na dawo da alheri su ce sa'a ce, in na dawo hannu rabbana su samu abin hira.

Shagona ne ya fitar da ni. Injinan ban-ruwa masu shan fetur nake sayarwa, kuma tun da fetur ya yi tashin da ya yi, manoman fadama suka daina leƙo ni. Mai rumfar da nake haya har ya fara kawo mutane suna auna ƙofa a gabana. Ana cikin haka Habibu ya kira ni daga Masar. Tare muka yi firamare, shi ya ci gaba da karatu, ni na tsaya. Ya ce akwai wani kamfani na haɗin gwiwar Indiya da Japan mai yin injin ban-ruwa da ke aiki da hasken rana, za su baje kolinsa a Alƙahira, kuma suna neman wakili a Arewa. In na samu wakilcin, shago ya tsira. In ban samu ba, in miƙa makulli.

Shingayen hanya kuwa kun san su. Wajen Ringim wani mai bindiga ya sa na buɗe jaka, ya ga fasfo, ya ce Alhaji a saka mu a addu'a. Na ce masa ba Makka za ni ba.

A Kano na hau jirgi. Da muka kusa sauka Alƙahira, na leƙa taga na ga abin da ya rufe mini baki. Rairayi ne iyakar ganinka, sai kogin Nilu ya ratsa shi, gefe da gefensa kore shar kamar an ja da zare. Ni da na ƙare rayuwata a harkar ban-ruwa, ban san ruwa na iya yi wa hamada haka ba.

Darrasa

Habibu ya tarbe ni da jallabiya da tumbin da ban san shi da shi ba. Ya ce, "Sale, har yanzu fuskar nan ba ta koyi dariya ba?" Na ce masa wanda ake ciyarwa don ya yi karatu shi ke da lokacin dariya.

Ɗakinsa na saman wani tsohon bene a unguwar Darrasa, littattafai sun cinye rabinsa. Ya sayo mana wake da ake kira ful, da gurasa mai zafi, da shayi baƙi ƙirin. Da aka kira isha'i na fita baranda. Hasumiyoyi ne ta ko'ina, wasu an ce sun girmi garuruwanmu, kuma ladanai suka ɗauka gaba ɗaya har na ji ƙirjina na amsawa. Na daɗe a tsaye.

Wurin baje koli

Da safe muka gangara kasuwar Ataba. Kasuwar Kwari ƙanwarta ce. Daga nan muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, mutane na ture ni suna ma'alish, ma'alish, wato yi haƙuri, ba kuma wanda ya daina turin.

Zauren baje kolin ya fi filin idinmu girma. A ƙofar ɓangaren da muka nufa an kafa tutoci biyu, ta Indiya da ta Japan, kuma muna isa jakadun ƙasashen biyu suka shigo tare, suna hira kamar 'yan gida ɗaya. A bango akwai babban allo yana nuna jiragen ruwan yaƙinsu na atisaye a teku ɗaya, sannan wani jirgin ƙasa mai tsinin baki da Japan ke taya Indiya shimfiɗa wa hanya. Habibu, da yake ba ya barin labarai su wuce shi, ya yi mini bayani. Ya ce dukansu da ƙuri'a suke sauya shugabanni, amma ko wa ya hau, abin da aka ƙulla yana nan. Ɗaya na da fasaha da jari, ɗaya na da mutane da kasuwa, kayansu kuma ta teku ɗaya suke bi, shi ya sa suke gadinsa tare. Ba harshe ɗaya ba, ba addini ɗaya ba, ko tuwonsu bai haɗu ba. Na tuna ƙungiyarmu ta 'yan injina, sahu ɗaya muke sallah, amma mun kasa haɗa kuɗin kwantena ɗaya ba a kai juna wurin hakimi ba.

Injin na kan wani dandamali, yana zuƙo ruwa daga baho yana tofarwa ta bututu mai kaurin cinyata. Ba hayaƙi, ba ruri. A Japan aka tsara shi, a Indiya aka ƙera. Mutum biyu ke tsaye a kansa: wani Ba'indiye mai gashin baki da yawan fara'a, shi ne na ciniki, da wani dattijo ɗan Japan, siriri, shi ne injiniya. Habibu ya raɗa mini cewa ga Hassan da Usaini.

Wallahi ban taɓa ganin injin da ya shiga raina haka ba. To, amma ni ɗan kasuwa ne, kuma a wurinmu wanda ya yabi kaya ya yanka kansa. Sai na ɓata rai, na kara kunne a jikinsa, na ce a gaya musu akwai girgiza a ciki, wannan ba zai kai ƙarshen rani ba. Habibu ya ce, "Mutumina, nan fa ba Haɗejiya ba ce." Na ce shi dai ya fassara, ba fatawa na nema ba.

Dattijon ya sunkuyar da kai, ya tambaya ta ina na ji. Na nuna inda hannuna ya faɗa. Da ya duƙa yana saurare, na ja Ba'indiyen gefe na ce tunda a garinsu ake ƙerawa, ya riƙa turo mini kai tsaye, ba sai da sunan Japan ba, a rage farashi mu biyu mu amfana. Ya yi murmushi, ya ce mu zo sitonsu gobe. Na fito ina ganin na iya.

Sito, bayan Giza

Ƙaramar bas muka hau, direba na yalla, yalla, wato mu je, ƙofa a buɗe. Can ta bayan benaye na hango dalar Fir'auna, ta tokare sama, masu bas ɗin ko kallonta ba su yi.

Muna shiga siton na ga abin da ban zata ba. An shimfiɗa farin ƙyalle a kan dogon tebur, injin jiya na kai, an warware shi kaf. Kowane noti a jere da ɗan'uwansa, an goge shi fes. Ba'indiyen ya ce tun da aka tashi jiya dattijon ke kansa. Ya auna komai bai sami girgizar ba, don haka ya kira masana'anta a Indiya, su kuma suka dakatar da ɗaure sauran injinan har sai an gano. Saboda maganata. Ni Sale, da ko ɗan acaɓa ba ya tsayawa don na yi magana.

Bai tsaya nan ba. A gaban dattijon ya maimaita abin da na gaya masa a gefe, bai rage ko kalma ba. Ya ce ba wai tona mini asiri yake ba, su haka suke aiki, abin da ɗaya ya ji ɗayan ma ya ji.

Dattijon ya miƙo mini wani ƙarfe da hannu biyu, ya roƙi in nuna masa wurin. Na dubi Habibu, ya ɗauke kai yana kallon rufi. Na ce a gaya masa babu wata girgiza, ciniki ne kawai, haka muke yi. Ba'indiyen ya tuntsire da dariya, ya ce kakansa ma haka yake sayen akuya, ya shiga yi wa abokinsa bayani. Dattijon bai yi dariya ba. Ya yi magana a hankali, Habibu ya juyo da ita:

"Ya ce in kai ne idonsu a can, ranar da injin ya lalace da gaske, ta yaya zai gane?"

Na ajiye ƙarfen a kan farin ƙyallen.

Suka koma gefe su biyu, suka daɗe. Da suka dawo, Ba'indiyen ya ce wakilci babu, ba yanzu ba. Amma za su ba ni inji ɗaya in kai fadama ya yi rani guda, in riƙa gaya musu abin da na gani, su biyun a waya ɗaya. Bayan girbi a sake zama. A gabana dattijon ya mayar da injin yadda yake, ya kunna, ya saurara, sannan ya sa shi a kwali da kansa.

A bas Habibu ya ce halas, wato shi ke nan, ai gara haka da a kore mu.

Gida

Da la'asar na sauka Haɗejiya da kwali ɗaya. Maman Aisha, matata, ta dube shi ta tambaya ko sauran na hanya. Na ce ta yi addu'a. Mai rumfa na roƙa ya ɗaga mini zuwa girbi, ya yarda da ƙyar. Na ari faifan sola na kafa injin a gonar albasar wani ƙanena, yana nan yana aiki.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Habibu da ya sha kunya saboda ni bai goranta mini ba. Shekaranjiya suka kira, fuska biyu a waya ɗaya, Habibu na tsakiya yana fassara. Dattijon ya tambaya me na gani. Na ce ruwa na zuba, ban ga aibu ba tukuna. Tun da na shiga kasuwa ban taɓa faɗa wa mai kaya haka ba.