Kwaɗon Alhaji Barau

Badaru bai taɓa kiran kansa bakaniken mota ba. A Gaya an san shi da gyaran injin niƙa, kuma da wannan sana'ar ya riƙe gidansa. Ɗan manoma ne. Da gonar gado ta yi wa 'yan'uwa kaɗan, sai ya tafi Kano yana saurayi, ya yi shekara bakwai a wani gareji a Sabon Gari inda Turawa ke kai motocinsu. Ya dawo gida shekara biyu bayan samun mulkin kai, ya auri Hindatu, ya sayi babur. Motocin Gaya a lokacin ba su kai a ci abinci da su ba, injinan niƙa kuwa sun fara shiga ƙauyuka, don haka su ya bi.

A kakar 1969, ranar kasuwar Ajingi, Alhaji Barau mai sayen gyaɗa ya kira shi ya duba masa injin ɓare gyaɗa. Da ya gama, ya zaga bayan shago zai wanke hannu, sai ya ga wata mota a gindin tsamiya, kaji sun mai da ita gida. Mutanen Ajingi suna kiran ta Kwaɗo, saboda gajarta da manyan fitilun da suka fito mata kamar idanu. An yanke bayanta an kafa akorin katako, an shafe ta da koren fenti na ƙofa. Tayoyin gaba masu wayoyi ne irin na keke, na baya kuwa na wata motar ne aka yi musu walda. A ciki injin Fijo ne, har an yanke bonet don ya shiga.

"Alhaji, wace iri ce wannan?"

"Wa ya sani? A hannun wani direban En'e na saya, shi ma haka ya same ta. Wasu sun ce Jamus ce. Shekara huɗu tana kwaso mini gyaɗa, ran nan kawai ƙofa ta faɗo. Mota kuma sai ga gara a cikinta!"

Maganar garar ce ta tsai da Badaru. Ya ɗaga gefen ƙarfen ƙofar da sifana, ya ga katako ne a ƙarƙashi, an lulluɓe shi da ƙarfe. Ya taɓa ganin irin wannan ƙira sau biyu a Sabon Gari, a ƙananan motocin Ingila masu kujera biyu da Turawa ke yawon shan iska da su. Suka zauna suka sha fura. Daga nan ya ce zai bayar da babur ɗinsa a ba shi Kwaɗo. Alhaji Barau ya tambaye shi sau biyu ko lafiyarsa ƙalau, sannan ya amince. Shanu biyu suka jawo ta zuwa Gaya.

Hindatu ta tsaya a bakin zaure ta dube ta.

"Malam, ina babur?"

"Ga shi nan," in ji shi, ya nuna motar.

Ta juya ta koma cikin gida. Daga ranar ya koma zaga ƙauyuka a kan keke.

Wata uku yana kankare fenti in ya dawo aiki da la'asar. A ƙarƙashin koren ya tarar da baƙi, a ƙarƙashin baƙin ja. A kan agogon gudu, da ya goge datti, wata alama mai kusurwa takwas ta fito da haruffa biyu a ciki, MG. Ya ci gaba da nema har ya sami lamba a buge a jikin ƙarfen gaba, wanda bodi ke zaune a kai. Boko bai ishe shi rubuta wasiƙa ba, sai ya je wurin Malam Ja'afar, malamin firamare, wanda ya samo adireshin wata ƙungiyar masu irin waɗannan motoci a Ingila daga wani abokinsa a Kano. Suka aika lambar ta gidan waya.

Amsa ta ɗauki wata biyar. An ce samfurin TC ce, an ƙera ta a 1948, ja ce tun asali. An haɗo da zanen sassanta da lambar injin da ta fito da shi. Malam Ja'afar ya karanta lambar, Badaru ya ce a maimaita. Ya rubuta ta da ajami a bayan hannunsa. Akwai wani injin niƙa a Kademi da yake gyarawa tun shekara shida, injin mota ne mai kafireta biyu, da ɗan tagulla mai kusurwa takwas a gefensa wanda gari ya rufe. Bai taɓa damuwa ya goge shi ba.

Washegari ya taka keke zuwa Kademi, ya goge tagullar da bakin rigarsa. Lambar ce.

Mai injin wata dattijuwa ce, Iya Hure, wadda ta gaje shi a wurin mijinta. Mijin ya saye shi ne a gwanjo a Wudil. Badaru ya yi mata bayani, ya ce zai kawo injin Fijon ya kafa mata a madadinsa.

"Ni ba ruwana da Ingila, ɗan nan," ta ce. "Matan unguwa uku ke kawo niƙa nan. In ka tsayar mini da shi kwana biyu, ka san abin da za su yi mini?"

"Iya, da hantsi zan cire, kafin la'asar kin ji ƙararsa."

"In kuma sabon ya ƙi?"

"Sai in dawo miki da naki a kaina."

Ya cika alkawari, ko da yake sai gab da magariba injin ya tashi, mata na zaune da ƙoransu suna ta mita. Fijon ya fi ƙarfi, bai kuma cika shan mai ba. Iya Hure ba ta taɓa faɗa masa haka ba, a bakin mutane ya ji.

Sauran aikin ya ja shekaru. Katakon da gara ta ci ya sake shi da maɗaci, shi da wani kafinta mai haɗa bodin manyan motoci, suna bin zanen da aka aiko. Maƙera suka buga masa sabon baya daga falankin ƙarfe, sau uku ana rushewa. Tayoyin baya masu wayoyi ya samo su wurin masu tsofaffin ƙarafa a Kano. Shekarar fari ta 1973 ko noti ɗaya bai ɗaura ba. Babu hatsi, babu niƙa, babu aiki. Ya rufe motar da asabari, ya tafi Legas ci-rani, ya yi wata takwas. Da ya dawo ya tarar Hindatu ta sa an ɗora ta a kan duwatsu, tana zuba toka a kewaye saboda gara.

An gama a damina ta 1976. Dukawa suka ɗinka kujerun da jar fatar akuya. Ranar wata Juma'a bayan an sauko masallaci ya tashe ta, ya ɗauki Malam Ja'afar suka nufi Ajingi. Ba su yi nisa ba ta kafe a yashi, don cikinta a ƙasa yake. Manoma suka turo su. Da suka isa Ajingi, Alhaji Barau ya zagaya ta a kasuwa, ya leƙa baya, ya ce, "To yanzu ina za a sa buhu?"

Daga nan Badaru ya gane hanyar da ta dace da ita ita ce ta Wudil kaɗai, mai kwalta, kuma can yake kai ta jefi-jefi, wani lokaci da Hindatu a gefe ta riƙe mayafinta da hannu biyu. Wani Bature malamin jami'a ya zo daga Kano ya gan ta, ya ce katakon ba irin na asali ba ne, jan ma ya yi duhu, amma yana so ya saya. Badaru ya ba shi ruwa, ya ce ba ta sayarwa ba ce.

A 1979 ciwon ƙafa ya hana shi taka kulochi. Ya ci gaba da gyaran injinan da ake kawo masa gida a amalanke, yana zaune a kan tabarma. Motar tana cikin rumfar da ya gina mata, duk Juma'a yakan tashe ta ta yi ɗumi, ya saurari injin na ɗan lokaci, sannan ya kashe.