Binciken Manemin Auta a Fadar Kara-Kara

Ni ba mai zaman fada ba ne. Tun ina saurayi ban ga abin da ake tsinta ba a taron ƙatti a gindin bango, sun kewaye butar shayi suna gyara duniya da baki. Amma a bakans, babban hutun makaranta, na shekarar da ake maganar auren autarmu sai da na zauna a wata fada a Kara-Kara, don Baffa ne ya aike ni.

Auta ungozoma ce a wata matanite, asibitin haihuwa, a cikin Zinder. Ita ta kawo mutumin da kanta, wani ma'aikacin biro, wato ofis, mai son fararen kaya, kuma tana ƙaunarsa, ba ta ɓoye wa kowa ba. Tun rasuwar mahaifinmu Baffa ne waliyyinmu, shi kuwa ba ya ba da 'ya sai an yi bincike. An riga an tambayi limamin unguwarsu da maƙwabta: yana salla, ba ya shaye-shaye, gidansu gidan mutunci ne. Saura abokan zama. Ni ina koyarwa a lekol a Zermu, ba na shigowa gari sai hutu, manemin bai taɓa ganin fuskata ba. Baffa ya ce, "Je ka zauna inda yake zama. Rufe bakinka, buɗe kunnenka, ka dawo ka faɗa mini."

Wani abokina mai gyaran moto ne ya kai ni bayan la'asar, ya ce musu ni mushe ne, wato malamin lekol, daga ƙauye. Aka matsa mini a benci, kusa da manemin. Na zo da shirin jin musun siyasa ko na ƙwallo. Ashe fadar kaf ta afka wa wani wasa na salula, ba su da zance sai nasa.

Ga yadda abin yake. Kai ne saurayin, jirgin ruwanka ya fashe, ka faɗa wani tsibiri kana neman hanyar gida. Kana tafe kana kashe dodanni, kana haɗuwa da mata iri-iri, zanannu, masu idanu kamar faifai. Kowace ta zuba maka zancenta a rubuce da faransanci, sai a jero maka amsoshi ka zaɓi guda. In ka dace, wata jar zuciya ta ƙara cika a gefen allon. In ka kuskure, ta juya maka ƙeya. Iyakarsa ke nan. Abin da ya hana magidanta masu gemu shan shayinsu da zafi ke nan.

Kowa kuma da fatawarsa. Mai dafa shayin ya ce shi rashin tarbiyyar wasan ne ke ba shi haushi. "Yarinya ba uba, ba kawu, ba wanda za ka durƙusa ka gaisar. Ka miƙa mata fure kawai ta biyo ka. Fure fa! Ko akuyar gidanmu sai ta sunsuna ta wuce." Duk da haka salularsa na jingine da gwangwanin sukari, yana fifita gawayi yana leƙawa.

Wani tela ya ce duk tsibirin ba mace kamar mai takobi. "Wannan in ɓarawo ya shigo, kai dai gyara kwanciyarka." Wani ɗan kabu-kabu kuwa kumfar baki yake. Ya daɗe yana bin 'yar sarkin tsibirin, ya kashe mata dodo, ya tsamo mata sarƙarta daga ƙarƙashin ruwa, ranar ƙarshe ya kai mata kifi maimakon 'ya'yan itace ta kore shi. "Wallahi waɗanda suka ƙera shi ba sa son maza," in ji shi, har jijiyar wuyansa ta tashi. Na duba motonsa a gefen titi, ƙura ta rufe sirdin, ga mata can da kayan cefane suna neman mai ɗaukarsu.

Wanda ya fi ba ni takaici wani mai tabarau ne da suke kira da profesa. Shi a wurinsa wasan ilimi ne. "Ku ba ku gane ba, sikoloji ne na mata tsantsa. Duk wanda ya ƙare shi ya san mace ciki da waje." Abokina ya raɗa mini cewa matar profesan na gidansu tun azumi, ya kasa zuwa biko.

Manemin Auta bai sa musu baki ba. Yana ta danne-dannensa yana murmushi, har na fara cewa a raina, to, ga mai hankali ɗaya a cikin garken. Sai telan ya ce ya faɗa wa baƙo sirrinsa, tunda shi kaɗai ya gama da matan tsibirin duka.

"Ai su wahalar banza suke sha, mushe," manemin ya ce da ni, ya karkato mini allon. "Karanta surutunsu suke yi. Ka ga wannan ɗan buton? Shi ne kaɗai abin kirki a wasan." Ya danna. Zancen wata mai farar rigar likita ya shiga wucewa fuu, ba ka iya kama ko kalma. "In ta gama, ka zaɓi amsar da ta fi taushi. Mace ba amsa take nema ba, so take ta ji akwai mutum a wurin."

Na ce wa kaina cika baki ne irin na fada, wane namiji ne bai taɓa yin sa ba.

Ana haka ɗaya salularsa ta yi ƙara. "Madam ce," in ji telan, aka yi tsit ana ƙunshe dariya, alamar sun saba. Ya ɗauka, ya buɗe muryar kowa na ji, ya ajiye ta a benci tsakanina da shi, ya koma kan wasansa.

Muryar Auta ce. Yanzu ta sauka daga gardi, wato ta tashi daga aiki. Tana ba shi labarin wata mata da aka kawo daga wajen Garagumsa bayan ta daɗe tana naƙuda a gida. An ceci uwar da ƙyar, ɗan bai zo da rai ba. Ta ce matar da ta farfaɗo ba ta yi kuka ba, sai ta roƙi a miƙo mata sabon zanen da ta ƙullo don goyo, ta rungume shi. Na san muryar ƙanwata in tana danne hawaye, tun tana 'yar mitsitsiya haka take yi.

"Allah sarki," in ji shi, babban yatsansa na ta aiki. Can ya ce, "Haka ne." Can kuma, "To." Da zuciyar ta cika a allon sai ya ɗaga hannu sama ba sauti, profesa ya toshe baki da hularsa.

Ban taɓa raina ɗan Adam ba kamar yadda na raina mutumin nan a lokacin. Amma an ce in rufe bakina, na rufe. Na ajiye kofin shayin ban kurɓa ba, na yi musu sallama.

Baffa ya saurare ni har ƙarshe, ya daɗe yana shafa gemu. "Ba zan iya tara dangi in ce na hana aure saboda wasan salula ba," ya ce. "Ka faɗa mata. In ta ce ta ji ta gani, zan ba shi."

Da na faɗa mata, tasowa ta yi mini. "Yaya, kai dama ba wanda ya isa a wurinka. Kowa sakarai ne sai kai." Da gaskiyarta, halina ne, ban musa ba. Sai kawai na ba ta labarin matar Garagumsa da sabon zanenta, tiryan-tiryan yadda ta faɗe shi. Ta tsaya tana kallona. Ba ta gaya wa kowa wannan ba sai shi.

"Su nawa ne a wurin?" ta ce.

"Benci biyu a cike."

Kashegari bayan la'asar muna tsakar gida, Inna na ɓarar gyaɗa, Auta ta kira shi, ita ma ta buɗe muryar. Ta fara da zancen aiki kamar kullum, wadda ta haihu, wadda aka sallama. Daga can ana jin ƙarar kofunan shayi da ɗan kiɗan wasan. Sai ta ci gaba da muryar nan dai, ba ta ɗaga ba, ba ta sauke ba: "Na kuma ce wa Baffa a mayar muku da kayanku. Na fasa auren."

Inna ta daina ɓara. Ni kaina, duk da rainin da na yi masa, sai na samu zuciyata na roƙon ya zabura, ya ce me kika ce, ko don Auta.

"Haka ne," in ji shi. "Allah sarki."

Ta ƙara jira. Kiɗan ya ci gaba.

"To," ya ce.

Ta kashe salular ta ajiye a kan tabarma. Ta ɗan zauna, sannan ta tashi ta shiga ɗakin Inna, muka ji tana jawo akwatin kayan neman auren da danginsa suka kawo daga ƙarƙashin gado.