Ruwan Juma'a

A ƙauyenmu da ke ƙasar Faskari, muna yara, in an idar da sallar isha'i lokacin sanyi, murhun Kaka Ladi muke zagayewa. Ni da Lawal, ɗan kawuna, kullum sai mun yi rigimar wurin zama. Garinsu na sama da namu a bakin rafi ɗaya, amma bai da wurin hira sai gidanmu.

Kaka ba ta taɓa wuce Sabuwa ba, amma in tana kwatanta teku sai ka rantse can aka yanke mata cibiya. Ta ce wai Rafi ya tashi daga duwatsun wajen Ƙanƙara zai je gaida kawunsa Teku. Duk garin da ya ratsa sai su sha, su shayar da dabbobi, su ba shi hanya. Da ya iso wani gari na marowata, sai suka tare shi da ƙasa, suka ce ya zama nasu. Rafi ya yi fushi ya nutse cikin yashi, ya ɓulla can gaba, ya bar su da busassun tuluna.

“Ku ji ni da kyau, ɗiyana,” in ji ta. “Ruwa baƙo ne, ba a hana shi tahiya.”

Mun yarda da ita, domin haka muka ga ana yi. Da rani mutanen su Lawal kan datse rafin su ba lambunansu ruwa, ranar Juma'a kuma su buɗe mana.

Bara na shuka albasa. Juma'a ta zo, ruwa bai zo ba. Ta zagayo, shiru, ganye ya fara kwanciya. Na bi rafin a ƙafa har sama, na tarar da datsiya ta buhunan yashi, ga injin ban ruwa yana ta ruri. Lawal ne tsaye kansa. Na tuna masa al'ada, na tuna masa Kaka. Bai ko kashe injin ba.

“Haba Yaya,” ya ce, “mi kake so in yi? Waccan ai tatsuniya ce.”

Raina ya ɓaci ƙwarai, har yau bai huce ba. Na daɗe ina jira Rafi ya yi fushi kamar yadda Kaka ta faɗa. Bai yi ba. Albasar Lawal ta yi kyau, tawa ta ƙone. Sai daga baya na gane ashe ba ruwan ke hukunci ba, kunyar ɗan'uwa ce ke buɗe datsiyar duk shekarun nan.