Harajin Mamaci

Yayana ya rasu da damina a garinmu Alelu, bayan ciwon ciki na kwana uku. Da kaka ta yi, mai gari ya aiko batun haraji, aka kira sunansa cikin masu biya. Na ce mutumin yana kabari. Aka ce ai yana cikin takarda, abin da Nasara ya rubuta kuwa mai gari ba ya iya gogewa. Na biya nawa, na biya na mamaci. Shekara ta zagayo, aka sake kiransa.

Sai aka nuna mini wani mutum a Jega wanda sana'arsa ke nan, tsaya wa talakawa gaban masu haraji. Da can shi ke riƙe dokin wani Bature, da aka sallame shi aka ba shi 'yar takarda mai hatimi. Ita yake yawo da ita cikin gafaka, yana cewa izinin magana ne gaban hukuma. Shi kansa bai iya karanta ta ba. Daga baya na ji daga bakin wani tafinta cewa abin da ke ciki kawai shi ne ya iya wanke doki, amma kada a bar shi da dawar doki.

Na same shi a rumfarsa bakin kasuwa, cikin takalman soja da suka yi masa yawa. Bai saurare ni ba sai da na dire kwandon albasa da zakara. Sannan ya lumshe ido, ya ce kada in kuskura in ambaci mutuwa, don Nasara in ya ji ta zai tono gado, ya bi gona da rumbu.

"Ciwo za mu ce," in ji shi. "Mai ciwo ana rage mai. Kai dai yi shiru, ni ne bakinka."

Ranar da Bature ya zauna sauraron ƙorafi a gindin tsamiya, mutanen Aliero da na Maiyama sun cika wurin, har da Fulani masu kukan jangali. Da aka zo kanmu, gwanin nawa ya tuɓe takalma, ya zube, ya fara. Ya ce ƙafafun yayana sun kumbura, ba ya iya ɗaga fartanya, kunu ma da ƙyar yake haɗiya. Har hawaye ya matso. Ni da na wanke gawar da hannuna ina durƙushe ina jin wannan.

Bature ya ce a rage rabi. Mutumin ya waiwayo ya kashe mini ido, wai ya yi aiki. Sai Bature ya ƙara da cewa jibi zai bi ta Alelu da mai magani, zai duba majinyacin. Gwani ya ce ciwon na ɗauka ne. Bature ya ce ba komai. Gwani ya ce ai an kai shi Gehuru wurin wanzami. Bature ya ce Gehuru ma kan hanya take. Daga nan bakin da na yi haya ya ƙafe.

Na ce, "Ranka shi daɗe, yayana ya rasu, damina biyu ke nan. Ni na sa shi kabari."

Aka tambayi mai gari, ya ce haka ne. Malamin haraji ya ja layi kan sunan. Babu wanda ya tambayi gona ko rumbu. Abin da na biya bara kuwa ba a yi zancensa ba.

Ban kai bakin gari ba gwanin nawa ya cim mini yana haki. Ya ce dabararsa ke nan tun farko, sai da ya tausasa zuciyar Bature sannan maganata ta shiga, don haka ya kamata in ƙara masa wani abu. Na wuce abina.

Kasuwar da ta biyo na gan shi a rumfa, Fulani uku zaune gabansa da ƙwaryar man shanu, yana ba su labarin yadda ya fitar da mamaci daga littafin Nasara cikin wuni guda.