Mai Gadin Shirun Mutane

Yayata mai guga ce a wani otal, kuma in aka ce in nuna mutumin da duniya ta fi raina wa wayo, ita zan fara nunawa. Ɗakin aikinta can ƙasa yake bayan kicin, taga ɗaya gare shi, ita ma can kusa da silin. Injinan wanki suna ruri tun safe, tururi ya cika wurin, ita kuma tana tsaye gaban tebur da tsohon tawul a wuya. Zannuwan gado, rigunan filo, fararen kayan masu dafa abinci, kwat ɗin baƙi, duk ta gabanta suke bi. In ta fitar wa wando kari sai ka rantse yanzu aka ciro shi daga kanti. Baƙin da ke sama suna yabon otal, manaja yana karɓar yabon yana gyara wuyan riga, ba wanda ya taɓa saukowa ya ga mai aikin.

Ita ma ba ta ga laifin hakan ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Yaya irin mutanen nan ce da in ka taka musu ƙafa su za su ba ka haƙuri. Ita ta yi jinyar mahaifiyarmu lokacin da hawan jini ya shanye mata ɓarin jiki, tana juya ta a gado, tana ba ta abinci a baki har Allah ya karɓi abarsa, amma in ka yaba mata sai ta ce ai ba ta yi komai ba. Mijinta ya rasu ya bar mata yara, da dutsen guga ta rene su, nan ma wai ba ta yi komai ba. An ce mai haƙuri shi kan dafa dutse. To Yaya ta dafa, romon ne wasu suka shanye.

Wata rana jiri ya ɗebe ta a bakin aiki, aka kai ta asibiti. Ma'aikaciyar jinyar da ta auna jininta ta sake aunawa, sannan ta ja kujera ta tambaye ta labarin gida. Da ta ji yadda mahaifiyarmu ta ƙare, sai ta faɗa mata ba ɓoye-ɓoye cewa hanya ɗaya suka ɗauko, in ba ta sassauta wa kanta ba, gadon da tsohuwa ta bari yana nan yana jiran ta. Likita ya rubuta magani. Ita kuma ma'aikaciyar, da yake mai bin Almasihu ce kamar mu, ta ƙara mata da wata shawara. Ta ce kullum ta sami ɗan lokaci ta zauna ita kaɗai, ta rufe ido, ta ja numfashi a hankali, ta ɗauki aya ɗaya daga Maganar Allah ta yi ta bimbini a kai, ba hayaniya, ba ɗaga murya. In ta gama ta rubuta abin da ke cin ranta a ɗan littafi, ta rufe da abu ɗaya mai kyau da Ubangiji ya sa a cikinta.

Dariya na yi da na ji, don ban ga yadda Yaya za ta samo abu mai kyau game da kanta ba ko da an ba ta tocila. Amma ta bi shawarar. Lokacin hutun rana, in abokan aiki sun tafi cin abinci, sai ta kashe dutsen guga, ta kife bokiti bayan tulin tawul ta zauna. Kafin wani lokaci na fara ganin canji. Barci ya dawo mata, ciwon kai ya ja baya, har dariyarta mai ƙarfi, wadda na manta da ita tun muna yara, ta dawo. Ranar da ta ba ni labarin cewa shugaban kicin ya miƙo mata tukwane ta ce masa wankin tukunya ba aikinta ba ne, saura kaɗan in taka rawa a tsakiyar shagona. Da ta koma awo kuwa, jinin ya sauka.

Sai dai a cocinmu ba a cin alheri a ɓoye. Ko akuyarka ce ta ɓata ta dawo, dole ka miƙe ranar Lahadi ka ba da shaida, in ba haka ba ka zama mai butulci. Yaya ta miƙe ta faɗi abin da zaman shiru da rubutu suka yi mata. Ina daga baya ina kallo, na ga kan Shugaba ya juyo a hankali. Nan take gabana ya faɗi.

Shugaba matar wani dattijon coci ce, ita ke riƙe da ƙungiyar mata tun kafin a sa wa ginin rufin kwano. Mace ce da ba ta taɓa ganin abu yana tafiya da kansa ta ƙyale shi ba. In tana addu'a ba a kunna lasifika, ihu take yi kamar wanda take roƙo kunnensa ya yi nauyi. Wannan matar ce, wadda ko a wurin makoki bakinta ba ya hutawa, ta tashi Lahadin da ta biyo baya ta sanar cewa Ubangiji ya daɗe yana nuna mata matan coci suna bukatar shiru. Abin nema ya samu. Aka raɗa wa abin suna Sa'ar Shiru, aka sa shi ranar Asabar da yamma, aka kafa kwamiti, aka buga littattafai iri ɗaya da hotonta a bango. Har sakatariya aka naɗa, ban san me take rubutawa a taron da ba a magana ba. Kafin a fara kuma, Shugaba takan yi jawabi kan muhimmancin yin shiru, jawabin da ya fi shirun tsawo.

Tun zaman farko matsala ta ɓullo. Mata sun zo da goyonsu, jariri kuwa bai san wata Sa'ar Shiru ba. Ga shi ana bukatar wadda za ta duba agogo ta kaɗa ƙararrawa in lokaci ya cika. Shugaba ta dubi jama'a, idonta ya sauka inda kowa ya san zai sauka.

"Ƙanwata, ke ai kin riga mu ƙoshi da wannan albarka. Ki taimaka wa 'yan'uwanki su ma su ɗanɗana."

Yaya ta ce to, Mama. Daga ranar ita ke share zaure, ta jera benci, ta kwashi jarirai zuwa baranda, ɗaya a baya, ɗaya a kafaɗa, sauran kan tabarma, ido kuma a kan agogo. Mace ɗaya tak da asibiti ya ce ta huta, ita ce ke waje tana jijjiga 'ya'yan mutane don iyayensu masu jini lafiya lau su huta. A ciki kuwa doka ce, ba a buɗe ido sai an ji ƙararrawa. Wata baiwar Allah da ta taɓa leƙawa don sauro ya cije ta, Shugaba ta tsayar da ita gaban kowa ta yi mata wa'azi kan ƙarancin bangaskiya har ta yi kuka. Yadda Shugaba ta gan ta alhali ita ma idonta a rufe yake, ba wadda ta tambaya.

In an kaɗa ƙararrawa sai a shiga karatu. Abin da aka ce mutum ya rubuta tsakaninsa da Mahaliccinsa, shi kowa za ta miƙe ta karanta wa jama'a, wai don a ƙarfafa juna. Nan aka buɗe gasa. Wannan ta gode wa Allah da sabon firij, har da faɗin girmansa. Waccan ta rubuta cewa ta yafe wa maƙwabciyarta, sannan ta lissafa laifuffukan da ta yafe ɗaya bayan ɗaya, maƙwabciyar kuwa tana zaune a benci na gaba. Da layi ya zo kan Yaya, sai ta buɗe nata da gaskiyarta ta karanta cewa ta gode wa Ubangiji da ya ba ta iya aiki, yau ta goge wata riga mai tattara da ta gagari kowa, kuma ta ji daɗin kanta.

Shugaba ta ɗaga yatsa. "Kin ji daɗin wa?"

"Kaina, Mama."

"To kin ga inda maƙiyi yake shigowa. Wannan girman kai ne, ƙanwata. Mu ƙura ne, mu ba komai ba ne. Soke layin nan."

Ta miƙa mata biro, irin mai ruwan zinariyar nan da ba ta bari kowa ya taɓa. Yaya ta soke layin, har da godiya. Mace ta shekara hamsin da ɗoriya kafin ta iya faɗin magana ɗaya mai daɗi game da kanta, aka sa ta kashe ta da hannunta, matan coci suna cewa amin.

Daga nan rubutun ya zama wani aikin. Hutun ranar da take zama bayan tawul ya koma lokacin tsara abin da za ta karanta ranar Asabar ba tare da an kama ta da laifi ba. Takan biyo ta shagona ina kan keken ɗinki, ta karanta mini jimla ta tambaye ni ko akwai girman kai a ciki. Na lura ta koma dafe goshi, idonta ya yi ja. Ni dama ban taɓa zuwa taron ba, Asabar ce ranar da masu kaya ke tsaye a kaina, amma abin da nake gani ya ishe ni.

"Yaya, ki bar musu kayansu," na ce mata. "Ki koma kan bokitinki."

"To wa zai riƙe musu yaran? Cewa za a yi na guje wa aikin Allah."

"Allah ne ya ba ki aikin, ko Shugaba?"

Ta ce in rage murya kada wani ya ji, ta ɗauki jakarta ta tafi.

Abin da ya faru ranar ƙarshe, daga bakin mai gadin coci na ji shi, da kuma uwar jaririn da ke hannun Yaya, wadda ta zo mini daga baya tana kuka. Otal ya cika da baƙi a makon, Yaya ta wuni tsaye cikin tururi, daga can ta wuce coci ko gida ba ta biya ba. Ta share, ta jera benci, ta kwashi yara. Ana tsakiyar shiru ta ji ƙafarta ta ƙi ɗaukar ta. Sai da ta lallaba ta ajiye ɗan mutane kan tabarma sannan ta faɗi.

Na ciki sun ji faɗuwar. Sun ji yara sun ɓarke da kuka gaba ɗaya, irin kukan da kowace uwa ta san ba na yunwa ba ne. Benci ya fara motsi, sai muryar Shugaba ta fito, ido a rufe, ta ce kada wadda ta motsa, maƙiyi ne ke neman raba musu hankali. Suka zauna. Mata cike da zaure, kowacce tana jin abin da ke faruwa bayan ƙofa, kowacce tana tsoron a ce ita ta fara buɗe ido. Suna jiran ƙararrawa, mai kaɗa ta kuwa tana kwance a ƙasa baki ya karkace. Haka suka ci gaba da neman salama har mai gadi, wanda aka aika sayen man janareta, ya dawo ya gan ta. Ya banka ƙofa yana kiran a taimaka. Ya rantse mini cewa abin da Shugaba ta fara tambaya shi ne wa ya ba namiji izinin shiga taron mata.

A asibiti likita ya ce wannan ciwo da gaggawa ake tarar sa, ya tambayi abin da ya sa aka yi jinkiri. Shugaba ta gyara ɗankwali ta ce suna gaban Ubangiji ne. Ma'aikaciyar jinyar nan tana wurin. Ta dubi Shugaba daga sama har ƙasa, ta juya ta fita.

Rai ya tsira. Magana ta dawo a hankali, ƙafa tana tafiya da ɗan ja, amma hannun dama bai dawo ba. Otal ya aiko da gaisuwa, ya ɗauki wata mai gugar. Na kwaso Yaya zuwa gidana, na sa mata kujera a baranda inda iska ke bugawa. Can take zama da safe in yara sun tafi makaranta, ido a rufe, leɓe yana motsi kaɗan. Ta sa na sayo mata sabon littafi marar hoton kowa, tana koyon rubutu da hagu. Rubutun kamar kaza ta bi ta kan takarda, ni kaina da na taɓa leƙawa ban tsinci ko kalma ɗaya ba.

Ihu bayan hari, Shugaba ta zo dubiya da tawagarta, duk da ɗankwali iri ɗaya. Suka yi addu'ar da sai da maƙwabta suka leƙo. Da aka gama idon Shugaba ya faɗa kan littafin, ta sa hannu ta ɗauka ba ko neman izini, ta juya shi sama, ta juya shi ƙasa.

"Ƙanwata, karanta mana ko layi ɗaya, mu kai wa 'yan'uwa shaida."

Yaya ta miƙa hagunta ta zare littafin daga hannunta, ta tura shi ƙarƙashin cinyarta. Maganar ta ɗauke ta lokaci, harshe yana sarƙewa, amma ta fito.

"Mama, wanda na rubuta wa ya riga ya karanta."

Ba su ƙara zama ba. A bakin ƙofa na ji Shugaba tana gaya wa sakatariya cewa a ci gaba da addu'a, da alama ciwon ya taɓa mata kai. Ban raka su ba. Na ɗauko ruwan ɗumi da reza, na zauna kusa da Yaya, na ɗago hannun daman daga inda yake kwance na fara yanke masa farce.